Adadin Malam Hambali da Rumbun Batulu

Sau ɗaya tak aka taɓa kayar da Malam Hambali a gardama, shi ma ba da ilimi ba. A kasuwar Birnin Kudu ya tsaya a kan Barau mahauci yana masa karatu, wai bakwai adadi ne mai taurin kai, ba ya rabuwa daidai. Barau ya ce a ɗora masa bakwai ɗin bisa gungume ya gani ko wuƙa za ta ƙi shi, sannan ya bi Malam da jelar bijimi har rumfar masu gishiri. Malam dai ya ce ba gudu ya yi ba, lokacin salla ne ya ƙure.

Kai, Allah ya yi malami a nan! Dodon Hisabi ke nan, rawani ya fi kai nauyi. Ko atishawa ka yi sai ya ƙirga ya gaya maka cika ce ko mara.

To, mijin Batulu ya rasu a Gwaram, ya bar rumbun gero guda da magada rututu. Geron nan shi ne cinsu har kaka, shi ne irin shukarsu. Aka aika a kirawo Dodo ya raba gado. Ya iso bisa godiya, da 'yan rakiya waɗanda sana'arsu faɗin "Haka ne, Malam." Baƙo kuwa ai ba a barinsa da yunwa, balle dokinsa. Batulu ta hau rumbu.

Malam ya baje rairayi, ya yi ta zane yana sharewa. Wata ya kama, ya mutu. Rannan ya tara jama'a.

"Na samo shi! Dubu ashirin da bakwai da ɗari bakwai da ashirin! Ku raba shi biyu, ya rabu. Uku, ya rabu. Bakwai mai taurin kai ma ta rusuna masa. Har sha biyu, ba saura! In kun tara sassansa, sun fi shi kansa yawa. Adadi ne mai karamci, ɗan babban gida!"

"Haka ne, Malam," in ji 'yan rakiya, bakinsu cike da fura.

Sai dai da aka leƙa rumbu, dammunan sun ragu, lissafi ya tashi. Aka sake sabo. Kafin a gama, sun ƙara raguwa. Godiya ta yi ƙiba har sirdi ya ƙi zama.

Ranar da hadarin farko ya haɗo, Batulu ta hau rumbu ta sauko da ƙwarya wayam. Ta dire ta gabansa.

"Malam, ina rabon marayu? Me za mu shuka? Babu ko tsaba!"

Ya ce ta yi haƙuri, ta ce ba ta yi. Ya kawo Larabci, ta ce ba ya tsira a gona. Maƙwabta suka cika zaure. Dodo ya gyara rawani, ya dube ta da tausayi.

"Baiwar Allah, ai aiki ya yi kyau ke nan. Babu ita ce adadin da ke rabuwa ga kowa daidai, ba saura. Kowa ya ɗauki rabonsa, a shafa Fatiha."