Rasuwar Layin Wayar Gidan Pruitt

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, ni Dolores Pruitt ta garin Dayton a jihar Ohio nake sanar da dangi, maƙwabta da 'yan cocinmu rasuwar layin wayar gidana, wanda ya zauna a bangon kicin tun shekarar da muka tare. Ya rasu a bazarar 1997 bayan doguwar jinya, kuma da hannun mutum a ciki.

Marigayin mai amana ne. Shi ya kawo mini albishir ɗin haihuwar jikokina, kuma bai taɓa kai gulmata inda ban aike shi ba. Babban aikinsa na ranar Lahadi ne. Yayata Marjorie tana gidan kula da tsofaffi a Arizona, mantuwa ta cinye mata kusan komai. Ba ta gane 'yarta Gail, ba ta san mijinta ya mutu ba. Amma yatsunta sun riƙe lambata. Duk Lahadi bayan coci sai marigayin ya yi ƙara, in ɗauka in ji: "Dolly, kin ci abinci kuwa? Ke dai kin cika wasa da cikinki." Da furfurata da jikokina take yi mini faɗan nan, ni kuma ina jiran faɗan tun daga Litinin.

Cutar ta shigo wata rana ina wajen gyaran gashi, aka bar marigayin da mijina Wendell. Na san yadda aka yi, domin daga baya kamfanin da ya yi aika-aikar ya kunna mini faifan hirar. Wata yarinya ce ta kira, muryarta kamar an jiƙa ta da zuma.

"Barka da rana, yallaɓai. Da maigidan nake magana?"

"Eh, shi ne da kansa," in ji Wendell. Tun ranar aurenmu yake jiran wani ya yi masa wannan tambayar.

"Wato kai ke yanke hukunci a gidan?"

"Eh mana. Wa kuma?"

"Za ka so a sauƙaƙa maka kiran nesa?"

"Eh to, 'yan mata, wa zai ƙi?"

Har dariya ya yi mata, irin wadda na daɗe ban ji ba. Da waɗannan eh ɗin aka ɗauke kiranmu na nesa daga tsohon kamfaninmu, aka miƙa wa wani da ba shi da ko ƙofar ofis, sai akwatin gidan waya. Wendell bai faɗa mini ba. Ya ce ya manta, alhali bai manta sunan yarinyar ba.

Daga nan jiki ya rikice. In na kira Arizona sai marigayin ya yi ta huci, can wata muryar inji ta ce duk layuka a cike suke. Takardar biyan kuɗi ta zo da sunan baƙo a ƙasan shafi, da caji irin na marasa tsoron Allah. Na ƙi biyan ɓarayi. Tsohon kamfani ya tura ni wajen sabo, sabo ya ce ai maigida ya amince. Ana cikin wannan jeka-ka-dawo aka yanke layin. Na ɗaga shi wata safiya, babu ko numfashi. Kafin hukumar jiha ta tabbatar da gaskiyata, an ba wani shagon sayar da abincin nan piza lambar, ni kuma aka ba ni sabuwa.

Marigayin ya bar kan waya ruwan ɗorawa mai ɗauke da sabuwar lambar da Marjorie ba za ta taɓa iya haddacewa ba. Gail ta manna mata ita a jikin waya, Marjorie ta yage, ta ce wannan ba lambar ƙanwarta ba ce. Ya bar ni. Ya kuma bar Wendell, wanda abin takaici lafiyarsa ƙalau, yana cin abinci sau uku.

Mai shagon, Malam Sal Ferrante, shi ya nemo ni ta hannun mai kawo wasiƙa. Ya ce wata tsohuwa tana kiransu duk Lahadi tana neman Dolly, in an tambaye ta piza babba take so ko ƙarama sai ta fashe da kuka, ta ce me ta yi da Dolly ke ɓoye mata. Tun ranar ya ajiye mini kujera kusa da wayarsa.

Ba ma buƙatar furanni. Duk mai son karrama marigayin ya kira nasa kamfanin waya ya ce a kulle layinsa, kada a canza sai da sa hannunsa. Ya riƙa duba sunan da ke kan takardar biya. Wadda kuma take da irin Wendell a gida ta ɗauke wayar daga inda hannunsa zai kai.

Za a yi zaman makoki ranar Lahadi bayan coci a shagon Malam Sal. Ana roƙon jama'a su yi shiru in waya ta yi ƙara, domin ni zan ɗauka. Wendell zai kawo ni, amma a mota zai jira. Kada kowa ya kai masa ko yanka ɗaya.