Tuffar da Na Ɗaure Kamar Goro

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na fara ganin fuskar surukata ba. Na daɗe ina auren 'yarta, amma da za a ce in kwatanta ta, iyakar abin da zan iya faɗa shi ne launin takalminta, domin idona bai taɓa wuce nan ba. Haka muka tashi muka tarar a Sabo, unguwar Hausawan Ibadan: ka durƙusa daga bakin ƙofa, ka dubi ƙasa, ka gaishe ta, ka fita. Abin da ya kawo ƙarshen wannan ladabi nawa tuffa ce guda ɗaya.

Wani abokina mai kawo dankali kasuwar Bodija daga Jos ne ya kawo mini dashen a cikin leda. Ya ce ba lalle ta rayu a zafin Ibadan ba. Na yi bisimilla na dasa ta a tsohon bokitin fenti, na ajiye a tsakar gida kusa da inda nake alwala. Ta daɗe ba ta ce komai ba sai ganye. Can wata shekara Allah ya nufa ta yi fure, furen ya zube, aka bar 'ya'ya biyu, kowanne bai kai lemun tsami ba.

A nan ne zancen surukina ya shigo. Baba Alhaji tsohon dillalin shanu ne a karar Akinyele, mutumin kirki, amma yana da ra'ayi a kaina. Ni aikina karantar da yara da rubuta wa fatake saƙo da ajami. Ya taɓa cewa, kuma a gabana, Malam in ka raba shi da alƙalami da tawada ko kaza ba zai iya kiwo ba. Na yi murmushi a lokacin, amma maganar ta zauna. Don haka da na ga 'ya'yan nan sai na aika masa cewa tuffa ta farko da aka noma a Sabo shi zai ci, in sha Allahu. (Na ce in sha Allahu, sai dai Allah ya san yadda na faɗe shi.)

Tsuntsaye ne suka fara jin labari. Na kafa sanda na ɗora mata tsohuwar hulata, suka mai da hular wurin hutawa. Na rataya tsofaffin fayafayai masu ƙyalli, suka riƙa duba fuskarsu a ciki. Wata safiya na dawo daga masallaci na tarar ɗaya tuffar ta zama tarihi, ɗayar kuma an ɗan tsaga ta da baki a gefe. Kafin azahar rina sun gano tsagar, suna zagaye ta.

Matata, Rabi, tana tuyar ƙosan da take aikawa bakin titi, ta ce, "Malam, ga tsohon gidan sauro can, ka yanka ka rufa mata mana."

Na ce, "Rabi, ni ɗan fataken goro ne. Ba a koya mini adana abu."

Gaskiya na faɗa. Mahaifina da kakana goro suka yi ta kaiwa Kano daga nan, kuma tun ina yaro na iya ɗaurin huhu, wato yadda ake naɗe goro cikin ɗanyen ganye, a ɗaure, a riƙa yayyafa ruwa don kada ya bushe. Goron da aka ɗaure haka sai ya yi watanni yana nan garau. Na je wurin masu goro na karɓo ganyen fita mai kyau, na naɗe tuffar tana jikin reshenta, na ɗaure da igiya, na bar 'yar kafa ta wajen kara don ta sha iska. Safe da yamma ina yayyafa mata ruwa. Ban taɓa buɗewa ba, domin ɗan goro ya san yawan buɗe huhu shi ke ɓata kaya.

Tsuntsaye suka haƙura. Rina kuwa na ga suna ta kai da komo a bakin kafar nan, na ce a raina sun rasa hanya ne, bayin Allah. Rabi ta ce, "Malam, itacen nan naka fa yana gunaguni." Na ce mata nuna ce take yi.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Baba Alhaji ya iso tare da surukata, Inna. Aka shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida. Na gaishe su yadda na saba, idona a kan takalmi. Ina sanye da babbar rigata ta Juma'a. Maƙwabciyarmu Bayarbiya, Iya Sikira, ta leƙo ta kan katanga don ita ma ta ji labarin.

Baba Alhaji ya dubi bokitin ya ce, "Malam, wannan tuffa ce ko goro?"

Na ce, "Baba, a yi haƙuri a gani."

Na kawo faranti da wuƙa. Na yi ɗan jawabi kan haƙuri da yadda Allah ke fitar da abu a inda ba a zato. (Da na san abin da zai fito da na taƙaita.) Sannan na yi bisimilla na kwance igiyar.

Babu tuffa. Abin da ke ciki wani baƙin taɓo ne mai tsami, kuma yana da masu shi. Suka taso gaba ɗaya. Babbar riga, kamar yadda kowa ya sani, hannunta a buɗe yake, kuma da alama rina ma sun sani.

Ni mutum ne da ba a taɓa ganin gudunsa ba, ko ruwan sama ne takawa nake yi. Ranar nan na cire riga da hula a lokaci guda, na rage daga ni sai singileti. Na ji Iya Sikira tana kwala mini ihu da Yarbanci, "Alfa, kilode? Alfa, sare, ka gudu!" Na nufi ɗaki, Rabi ta riga ni ta ja ƙofa. Na juyo, idona ɗaya ya fara rufewa, na hango wani babban zane a kusa, na kutsa kaina ƙarƙashinsa na ja ya rufe ni.

Mayafin Inna ne. Kuma Inna tana ciki.

Ga mu nan, hanci kusa da hanci. A waje ina jin Baba Alhaji yana kaɗa buzun sallata yana salati. Inna ta dube ni a natse, ta ce, "Malam, mun same ku lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau, Inna. Ya hanya?"

Ta ce, "Alhamdu lillahi."

A nan na gano surukata tana da haƙorin Makka.

Da ƙura ta lafa aka shafa mini manja a fuska. Baba Alhaji, wanda rina ko ɗaya ba ta taɓa ba, ya leƙa bokitin, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, na janye maganata. Ashe Malam ya iya kiwo."

Bana ma itacen ya yi 'ya'ya. Na rufa musu gidan sauron Rabi, kuma ban aika wa kowa ba. Abin da na koya bai da yawa: ba kowane abu ba ne goro, kuma duk abin da ka ɗaure, ka leƙa shi kai kaɗai kafin ka tara surukai. Har yanzu in na je gaida Inna takalminta nake kallo. Sai dai ta gefen ido nakan ga tana jin sallamata take kama mayafinta da hannu biyu.