Rasuwar Faifan da Ke Riƙe da Dariyar Beryl

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, Mista Cyril Entwistle na Layin Masaƙa, a garin Todmorden, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar faifan garmahonsa, wanda ya cika ranar Talata da hantsi bayan jinyar kwana tara. Ya bar duniya yana da shekara hamsin da huɗu.

An haifi marigayin a Landan, ranar da wasu samari 'yan jami'a masu barkwancin da ba kai ba gindi suka ɗauki faifansu na farko a gaban 'yan kallo. Cikin 'yan kallon akwai Beryl, wadda daga baya ta zama matar Mista Entwistle, ta kuma riga mu gidan gaskiya shekara shida da suka wuce. Ita da 'yan matan masaƙarsu sun je ne a zaton waƙa za a yi. Duk suka zauna tsuru-tsuru, sai ita.

Waɗanda suka san marigayin za su tuna muryarsa a gefe na biyu:

"Barka da asuba, ranka ya daɗe. Ƙarar matakalar gidana na kawo."

"Me ta yi maka, malam?"

"Da safe hawa take yi. Da na kai sama na waiwayo, sai na tarar ta koma sauka."

"To, ita tana da lauya?"

Kafin mai ƙara ya ba da amsa, a inda babu wanda ya yi dariya, sai wata mace ta ƙyalƙyale ita kaɗai, ta shaƙe, ta ce, "Wayyo cikina." Beryl ke nan. Tun da aka binne ta, nan kaɗai Mista Entwistle yake samun muryarta, kowace Lahadi bayan abincin rana.

Marigayin mai haƙuri ne. Yana juyi talatin da uku da sulusi a minti guda, bai taɓa ƙorafin jiri ba. Mai shi ya sha tambayar masana inda sulusin nan yake tafiya, har yau bai sami gamsasshiyar amsa ba. Labari ɗaya yake bayarwa shekara da shekaru ba tare da ya ƙara masa gishiri ba, halin da ba kowane dattijon garin nan ke da shi ba.

Ga yadda ajali ya zo. Kamar yadda ya saba duk bazara, Mista Entwistle ya wanke faifan da ruwan ɗumi, ya jingina shi a tagar ɗakin girki ya sha iska. Shekara arba'in yana yin haka, domin kowa ya san rana ba ta leƙa kwarin da garin nan yake sai bisa kuskure. Ya ɗauki lemarsa ya tafi sayen burodi. A ranar sai rana ta fito, ta kuma yi awa uku cur. Mutane suka cika titi suna taya juna murna. Da ya dawo ya tarar da marigayin ya lanƙwashe kamar ganyen kabeji.

An yi iya ƙoƙari. An kwantar da shi tsakanin gilashi biyu, aka danne da littattafan taswira. Maƙwabcinsa Mista Greenwood ya ba da shawarar a ɗan gasa shi a murhu, aka bi, ciwo ya ƙaru. A ɗorawar ƙarshe muryoyin suna tangaɗi kamar masu maye, allurar garmahon kuma tana zuwa daidai wurin Beryl sai ta yi tsalle ta wuce.

Gillian, 'yar Mista Entwistle, ta nemo masa wasan a wayarta. Samarin suna nan lafiya lau, amma masu gyara sun share hayaniyar 'yan kallo don sauti ya fita tas. Sun share uwarta ba su sani ba.

Marigayin ya bar rigarsa ta kwali mai tambarin gindin kofin shayi, da garmaho wanda tun ranar bai buɗe baki ba, da allura biyu, da faifan waƙoƙin coci guda uku da suka zauna kusa da shi rabin ƙarni ba su taɓa yin dariya ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe biyu, a ɗan lambun Mista Entwistle da ke bayan tashar jirgin ƙasa, a gindin tuffa, ɓangaren inuwa. Za a sha shayi bayan an rufe shi. Ba a buƙatar furanni. Sai dai duk wanda Allah ya sa yake da bugun farko na wannan faifai, ko a rufin ɗaki ko cikin kayan iyayensa, ana roƙonsa ya zo da shi. Ba za a raba shi da abinsa ba. Gefe na biyu kawai za a ɗora, minti ɗaya ya isa.