Yabon da na yi wa Sista Rabi

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan. Sai in ɗauki waya in fara, in goge, don karatuna iyakarsa firamare, kuma ina tsoron kada in ƙara ɓata abin da na riga na ɓata. Amma ba zan taɓa mantawa da ranar da baƙi suka zo asibitin garinmu ba, ko da kuwa ina son in manta.

Garinmu yana gefen Sandamu. Asibitinmu ƙarami ne, babu likita. Wadda muke da ita ita ce Sista Rabi, ungozoma, wadda ta karɓi haihuwar 'ya'yana biyu na ƙarshe. Damuwar ita ce ba ta da izinin rubuta magani. In ciwo ya ɗan yi tsanani, sai ki hau babur da tsohon ciki zuwa Daura, ki yini a layi don likita ya rubuta miki kalma biyu. Ana haka aka tura ta kwas na koyon rubuta magani. Da ta dawo ta ce saura abu ɗaya: masu dubawa za su zo su ga ko kwas ɗin ya yi amfani, su kalli aikinta, su yi wa wasu mata tambayoyi. In sun gamsu, a ba ta izini.

Ni ta fara zaɓa, wai don ba na tsallake awo kuma ina shan magani a kan lokaci (tsoro ne ke sa ni, ba hankali ba). Ta ce, "Maman Sadiya, abin da aka tambaye ki kawai za ki amsa." Na ce to.

Tun daga nan na kasa sukuni. Na riƙa tunanin in na yi ƙarancin magana za su ɗauka ba mu yaba da ita ba. Kuma a wajenmu ba a barin baƙo ya tafi haka nan, sannan in za ki ambaci mutumin kirki a gaban manya, sai ki cika yabonsa kamar yadda ake yi ranar suna. Na kama kazata na ɗaure mata ƙafa, na sa a kwando. Maigida ya tambaye ni ko biki ake, na ce masa harkar asibiti ce, ba zai gane ba.

Baƙin su biyu ne, wata Hajiya mai tabarau da wani mutum mai rubutu. Sista Rabi tana tsaye bakin ƙofa. Na durƙusa na gaishe su, na tura kwandon, na ce ga ɗan abin miya, a duba mana lamarin Sista da idon rahama. Hajiyar ta ce ba sa karɓar komai. Mutumin ya rubuta wani abu. Nan ya kamata in farga, ban farga ba.

Hajiyar ta tambaye ni ko Sista tana yi mana bayanin yadda ake shan magani, da abin da za mu yi in ya sa mu jiri. Na amsa tiryan-tiryan. Ta yi murmushi ta ce an gama, zan iya tafiya. Ni kuwa sai na ji kamar ban yi komai ba. Na gyara zama.

"Ranki ya daɗe, ai wannan baiwar Allah ba ta ma bukatar kwas. Tun kafin a tura ta take rubuta mana magani. Daminar da ruwa ya yanke hanya, Sadiya tana zazzaɓi, ita ta rubuta, muka saya a kemis, yarinya ta tashi."

Kazar ta zaɓi lokacin ta fara kuka. Hajiyar ta cire tabarau.

"Kafin kwas ɗin kika ce?"

Na ce wallahi kafinsa (har da rantsuwa, alhali ba wanda ya nema). Da na waiga, Sista Rabi ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta. Sai a waje wata maƙwabciyata ta ja ni gefe ta ce abin da na faɗa shi ne ainihin abin da aka hana su Sista yi. Na ɗauki kwandona na bi bayan gari, don kada in haɗu da kowa.

Na je gidan Sista Rabi ba da haƙuri. Ta ce ba komai, gaskiya na faɗa, kuma ko yau aka kawo mata yarinya a wancan hali za ta sake rubutawa. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Abokan kwas ɗinta duk sun samu izini, nata har yanzu wai ana dubawa. Jiya na hango matar ƙanin mijina da cikinta haihuwa yau ko gobe, a kan babur za ta Daura, sai na koma cikin zaure.

Yanzu ko gajiya aka tambaye ni, sai na yi tunani kafin in amsa. Don Allah, wanda ya san yadda ake wannan dubawar ya faɗa mini: maganar mace ɗaya tana iya hana mutum izini? Akwai inda zan je in yi bayanin daminar nan, ko zuwan nawa zai ƙara ɓata lamarin?

Kazar tana nan tsakar gida tana ta ƙwai. Na kasa yanka ta, na kasa kallonta.