Muryar Hayatu da Amfilifayar Kwamiti

Jiya da hantsi na tare ɗan kabu-kabu a Talata Mafara don ya kai ni kasuwa, na ƙare ni ne nake tura babur ɗin, shi yana riƙe da kai. Mai babur ɗin Hayatu ne, maƙwabcina. Na tambaye shi kwana, gajiya, iyali da damina, duk ya amsa da gyaɗa kai. Na ɗauka fushi yake yi da ni, ashe murya ce babu. Muka tura har shagon Luka mai gyaran rediyo, a nan na ji labarin, Hayatu na raɗa, Luka na cike masa inda numfashi ya ƙare.

Kwanan baya ne manyanmu, Allah ya ƙara wa rigunansu sitati, suka gano cewa abin da ke damun mutanen ƙauye rashin jin saƙo ne. Sai suka kafa Kwamitin Kai Saƙo Karkara, suka ce za a ɗora wa babura amsa-kuwwa su riƙa zagayawa. Ƙanin matar Mai Girma Shugaban Kwamiti ne ya kawo kayan, ba don komai ba sai don cancanta. Abin da ya kawo amfilifaya ce irin ta zamanin kakanni, akwatin ƙarfe mai nauyin tunkiya, da 'yan kwalabe a jere a kai masu yin ja kamar garwashi in an kunna. Ranar ƙaddamarwa Mai Girma ya ce a ƙasashen waje masu kunnen kiɗa ba sa sauraron komai sai irinta, domin sautinta yana da ɗumi, kuma talaka ma ya cancanci ɗumi. Da yake sai kwalaben sun yi zafi take magana, farkon jawabin ba wanda ya ji. Waɗanda suka halarta sun ce nan ne ya fi daɗi.

Hayatu aka ɗora wa Faru da Janbako, saboda can ne asalinsa. Ya yi murna ƙwarai, don aikin kwamiti ya fi jiran fasinja a rana. Luka ne ya ɗaure masa akwatin a bayan babur.

"Malam Hayatu, wannan abin don tebur aka yi shi," in ji Luka. "Yana shan batir, kuma ba ya son girgiza."

"In naɗe ta da tsohon zane?"

"Ka naɗe ta ƙone, ka bari ta fashe. Zaɓi ɗaya."

Saƙon farko shi ne a faɗa wa manoma za a raba takin zamani ranar Alhamis a sito na kwamiti. Hayatu ya kama hanya yana lallaɓa babur kamar ya goyo mai jego. Amma kun san hanyar nan, wadda ake kammalawa duk lokacin da zaɓe ya matso. Kafin ya kai Faru kwalba ɗaya ta tsage, sautin ya koma na akuya mai mura. Da ya isa Janbako sauran sun zama gari, wayoyi sun yi ƙauri, batir ya mutu.

Ranar kasuwa ce. Ya jingine babur a gindin bishiyar bedi, ransa a ɓace, yana tunanin ya juya. Sai ga Gwaggo Taiba, ƙanwar mahaifinsa, wadda ita ke noma gonar mijinta tun rasuwarsa. Bayan sun gama gaisawa ta dubi akwatin.

"Mi anka aiko ka ka faɗi, Hayatu?"

Ya gaya mata, ya kuma nuna mata kwalaben.

"Masarata ta yi ɗorawa awa mai shawara," ta ce. "Kai ma bakin naka kwalba ta?"

Hayatu ya hau amalanken wani mai kankana, ya kafa hannuwa a baki. Ya yi shela wajen masu hatsi, ya yi a kara wajen masu dabbobi, ya bi rumfunan mahauta. Da ya samu aka tayar masa da babur, ya tsaya Faru ya maimaita, har maƙogwaro ya fara yi masa zogi.

Ranar Alhamis kwamiti ya jera kujeru kaɗan, da mai hoto, da wasu manoma masu laushin hannu da aka zaɓo don su rungumi buhu. Sai ga jama'a kamar ranar Idi, wasu a babur, wasu a jaki, wasu a ƙasa, kowa da igiyar ɗaure kaya. Mai Girma ya leƙo daga mota, ya sa a nemo masa Hayatu.

"Wa ya tara min mutanen nan?"

"Saƙonku na, ranka shi daɗe. Ku kunka aike ni."

"An ce min na'urar ta lalace."

"Ta lalace, ranka shi daɗe."

"To da me ka yi shelar?"

"Da baki."

"Wa ya ba ka izinin baki?"

Nan take kwamiti ya shiga inuwa ya yi zama, ya fito da hukunci. Duk sanarwar da ba ta fito ta na'urar kwamiti ba jita-jita ce, kuma ba zai yiwu a raba kayan jama'a ga waɗanda jita-jita ta kawo ba. An ɗage rabo sai an kammala bincike. Shi kuwa Hayatu an sallame shi bisa laifi biyu, fasa kwalabe da tayar da hankalin manoma.

Shi ya goya Gwaggo Taiba ya mayar da ita gida. Bai iya ko duban fuskarta ba. Sai da suka yi nisa ta taɓa kafaɗarsa ta ce, "Kai dai ka faɗi, mu ko mun ji. Saura nasu na, su da Allah."

A yi wa manyanmu adalci, ba su bar takin ya lalace ba. Na gan shi da idona a kasuwa, buhunan nan dai, an kankare tambarin da kyau, aiki mai tsabta. Kuma sun ɗauki darasi. An sake ba ƙanin matar nan kwangilar sababbin kwalabe, an kuma yanke cewa daga yanzu a kan kwalta kawai za a riƙa yin shela, wato daga ƙofar gidan Mai Girma zuwa ofishinsa. Manomin da ke son jin labarin taki sai ya zo ya tsaya a bakin titi.

Da Luka ya gama cire ƙonannun wayoyin, na raka Hayatu gidan mai. Muka bi layi har rana ta take. Saura babur ɗaya a gabanmu mai zuba man ya rataye tiyo, ya ce mai ya ƙare. Na juya zan tafi, Hayatu ya riƙo hannun rigata, ya kawo bakinsa kunnena.

"Tsaya, Malam," ya ce da raɗa. "Da baki ya faɗi."