Shayin Zayyanu a Bakin Teku

"Ni da ruwa ai aminai na, kullum muna gaisuwa! Ku tambayi duk Illela, wa yat taɓa ƙetare tafkin Kalmalo, tahiya da dawowa, bai ko huta ba? Ni na, Zayyanu!"

Wannan ita ce muryar da Zayyanu ya aika cikin guruf ɗinsu na Wasaf, har sau biyu, wai ko wani bai ji ta farkon ba. Abokina, kada ka ce ƙarya ce tsagwaronta. Ya ƙetare Kalmalo, ni shaida ne. Sai dai da rani ne, lokacin da ruwan ya janye har awaki na kiwo a ciki, kuma a bayan babur aka goya shi.

Zayyanu dillalin albasa ne a kasuwar Illela. Dogo ne siriri, hula kullum a karkace, baki kuwa ba ya hutawa sai in yana tauna. Mu da muka san shi muna kiransa Sarkin Ruwan Tudu, shi kuma yana amsawa da fara'a, don a zatonsa yabo ne.

Guruf ɗin nan sunansa Majalisar Shayi. Mashayan shayi ne zalla, daga Ƙonni, Agadas, Kumasi har Kwatano ta bakin teku. Aikinsu ke nan tura hoton kumfa a finjali, ana gardamar ta wa ta fi tsayi. A cikinsu akwai Shahida, wata bazawara mai sayar da atamfa a Zangon Kwatano. Duk cika-bakin da Zayyanu ya yi, sai ta tura hoton dariya. Gogan naka ya ɗauka soyayya ce, ya bi ta gefe da sallama. Abin mamaki, hira ta yi daɗi har aka kai ga maganar aure. Shahida ta ce, "Tunda majalisa za ta haɗu a Kwatano bana, ka zo wana Faruk da Innata su gan ka. In sun yarda, ni ba ni da ta cewa."

Zayyanu ya ɗinka babbar riga, ya ɗaure 'yar butarsa da murhun waya da gawayi a buhu, ya hau motar albasa. Duk wanda ya tambaye shi ina zuwa, sai ya ce, "Zan tahi in duba teku, an ce ta yi kewata."

Haɗuwar kanta abin kallo ce. Mutanen da suka daɗe suna zolayar juna a waya, ga su tsaye suna kallon-kallo. Lawwali na Ƙonni, wanda hoton zaki ne a lambarsa, ashe ɗan guntun mutum ne mai muryar sarewa. Shi kuwa ya dubi Zayyanu sama da ƙasa ya ce, "Ina motar da kaka jingina da ita cikin hoto?"

"Tana wurin wanki," in ji Zayyanu, ya yi maza ya rungume shi don a bar zancen.

Faruk, mutum mai sanyin magana, shi ya zagaya da su gari. Da suka hango tashar jiragen ruwa, ga ƙugiyoyi masu tsawon tsiya suna ɗaga kwantena sama, kowa ya saki baki. Zayyanu ma bakinsa ya buɗe, amma da ya ga Shahida na kallonsa sai ya mai da shi hamma.

"Wanga ƙarami na," ya ce, yana nuna wani jirgi da ya fi unguwarsu girma. "Irin shi muka kira kwalekwale."

"A Kalmalo?" in ji Lawwali.

"Kai dai sha kallo, ɗan Ƙonni."

Bayan la'asar aka sauka bakin teku, inda za a yi zaman shayi. Can suka tarar da Inna Altine, mahaifiyar Shahida, zaune ƙarƙashin wata rumfar ganyen kwakwa. Dattijuwa ce kakkaura, haifaffiyar Zango, ta zo ganin surukin da ake ta ba ta labari. Zayyanu ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ya gaishe ta da wata siririyar murya da ban taɓa sanin yana da ita ba. Ko inuwarta bai yarda ya kalla ba. Tsohuwa ta ji daɗi, ta ce, "Yaron yana da kunya, madalla."

To, da ya tsaya nan, da yanzu muna cin shinkafar biki. Amma ina!

Aka shimfiɗa tabarma kusa da rumfa. Zayyanu ya dubi wurin ya taɓe baki. Ya hango can gaba, dab da ruwa, yashi sumul, ba ko tsinke.

"Ga wuri an share muna tas, mi za mu yi cikin ɓawon kwakwa?"

Faruk ya ce, "Malam Zayyanu, ruwa ne ya share shi. Da yamma kuma yana dawowa wurinsa."

Zayyanu ya yi dariya har da dafa ciki. A iya saninsa, bakin tafki inda ka bar shi da safe nan za ka same shi da yamma, sai dai in an yi ruwan sama. Ya ɗaga kai ya duba, ko gajimare babu.

"Yaya Faruk, hadari ka kawo ruwa, kuma ban ga hadari ba. Ku taho, ni ad da ruwa."

Ya ja tabarma da kansa har can, ya hura gawayi, ya ɗora buta. 'Yan majalisa suka bi shi suna ƙunshe dariya. Sannan ya miƙe ya kafa doka da ƙarfi, yadda za a ji har rumfa.

"Shayinmu zubi ukku na. Duk wanda yat tashi kahin na ukku, ba ɗan majalisa na ba, kuma ba namiji na ba!"

Ka san shayin nan ba a yi masa gaggawa. Sai ya dahu, a juye, a mayar, a ɗaga buta sama a tsiyaya har kumfa ta tashi. Gaskiya Zayyanu gwani ne, zubin farko ya yi daɗi, har Shahida ta kai wa Inna ta dawo da yabo. Kansa ya ƙara girma.

Ana cikin zubi na biyu, wani harshen ruwa ya lallaɓo ya lashi gefen tabarma ya koma.

"Gaisuwa ce yaz zaka yi," in ji Zayyanu. "Ya gane ni."

Na bayansa bai tsaya gaisuwa ba, ya jiƙa wa Lawwali wando har ƙugu. Lawwali ya yi tsalle ya kwashi takalmansa.

"Ɗan Ƙonni, ka tashi kahin na ukku!"

"Awo, na tashi. A cire ni daga majalisa, a rubuta ni cikin mata, na yarda!"

Ɗaya bayan ɗaya aka watse, aka bar Zayyanu shi kaɗai da butarsa. Yanzu kam ya fara gane cewa wannan ruwan ba ɗan'uwan Kalmalo ba ne. Yana so ya tashi, amma shi ya kafa doka, ga Shahida na kallo, ga Inna na kallo. Ya ɗora murhu kan cinyarsa don kada gawayi ya mutu, yana fifita da hula, yana roƙon buta a hankali.

"Tahasa mana, don Allah. Tahasa, 'yar albarka."

Faruk ya ɗaga murya. "Malam Zayyanu, mun yafe na ukun!"

"Ba a yahe na ukku!" ya amsa, yana ƙara fifita gawayi.

Bai rufe baki ba wata igiyar ruwa ta taso, ba ta yi sallama ba. Murhu ya yi cuuu, buta ta yi gabas, hula ta yi yamma, tabarma ta naɗe Sarkin Ruwa ta mirgina shi. Babbar riga ta sha ruwa ta rufe masa kai. Da ruwan ya ja da baya, sai ya tafi da shi yana wutsil-wutsil da ƙafafu.

"Wayyo Allah! Jama'a ku taimaka! Ban iya ba! Wallahi bisa babur na!"

Maza na tsaye suna neman inda za su ajiye wayoyinsu, sai ga Inna Altine ta ci ɗamara da mayafi ta faɗa ruwan, wanda bai wuce ƙugunta ba. Ta cafko shi ta wuyan riga. Shi kuwa da ya ji ya taɓa mutum, bai tsaya tambayar ko wane ne ba, ya ɗare bayanta, ya sarƙe wuyanta da hannu, ya naɗe ƙugunta da ƙafafu, ido a rufe yana kuka.

"Kada ki sake ni! Inna, kada ki sake ni!"

Haka ta fito da shi goye, dogayen ƙafafunsa na jan yashi, har gaban rumfa. Wayoyin da aka rasa inda za a ajiye kuwa duk sun samu aikin yi.

Da ya amayar da ruwan gishiri ya dawo hayyacinsa, ya ga a bayan wa ya sauka, sai ya ji da ma tekun ta tafi da shi. Amma Zayyanu ne fa. Ya matse riga, ya gyara murya, ya matsa kusa da Faruk.

"Yaya Faruk, wanga duk cikin gwaji na. To, batun namu fa?"

Faruk ya dubi Inna. Tsohuwa tana matse zani tana haki, ta ce, "Ni kam yaron ya shiga raina, na karɓe shi hannu biyu."

Zayyanu ya washe baki.

"Amma aure babu. Duk ɗan da na goya a bayan nan, ya kira ni Inna yana kuka, ai ɗana ne. Shahida, zo ki gai da wanki."

Shahida ta taho da tawul, ta durƙusa har ƙasa, kafaɗunta na rawa don dariya.

"Sannu da ninƙaya, Yaya."