Yadda Za Ka Ga Sunanka a Binciken da Ba Ka Yi Ba

Ka bi matakan nan. In shekara ta zagayo sunanka bai hau bangon rahoto ba, ka same ni a Tamale ka ce min maƙaryaci. Shekarata tara a ƙungiyar haɗin gwiwa ta ma'aikatan jin daɗin jama'a masu bincike, rahotona huɗu, ban taɓa cire takalmi a ƙofar gidan kowa ba.

Mataki na 1: Kama kujerar gaba

Ranar taron farko ka manne wa Dokta Wumbei, malamin jami'ar da ke jan ragamar aikin. Duk abin da ya faɗa, gyaɗa kai kamar ƙadangare. In an raba waakye, wato shinkafa da wake, miƙa masa ƙwan da ke cikin naka. Ilimi daga ciki yake farawa.

Mataki na 2: Nemo mai yin aikin

Kowace ƙungiya tana da irin Sanatu Napari. Tamu ta shekara goma sha ɗaya a matsayi ɗaya, an ce mata ba ƙarin girma sai sunanta ya fito a bugaggen bincike. Irinta kake nema. Ita za ta hau babur ta bi ƙauyuka, ta zauna a tabarma da 'yan matan da suka dawo daga dako a kasuwar Kumasi, har su faɗa mata abin da suka ɓoye wa iyayensu.

Mataki na 3: Taimaka ta waya

Kada a yini ba a ji ɗuriyarka a zauren hirar ƙungiya na waya ba.

"Madam Sanatu, sannu da ƙoƙari! Mu ma muna nan muna ta tunani."

"Yallaɓai Azindo, tayata ta fashe a hanyar Savelugu, tun hantsi nake tura babur."

"Madalla! Ki rubuta shi cikin ƙalubalen bincike."

Mataki na 4: Jera sunaye

Bango suna huɗu yake ɗauka, kuma mu nan ba a tsallake babba. Dokta, sai shugaban sashe, sai Baturiyar da ta samo tallafi. Saura ɗaya. Ka yi gyaran murya ka tuna wa Dokta ƙwai.

Sanatu za ta ce, "To ni fa?"

"Haba Madam, ai ke wuri na musamman muka ware miki."

Shafin godiya ke nan, tsakanin direba da mai dafa abinci. Kada ka kalli idonta. Ni na kalla, kwana biyu tuwo bai yi min daɗi ba.

Mataki na 5: Kada ka je kai sakamako

Dokar ƙungiya ce a koma ƙauye a karanta wa mutane abin da aka gano. Ka ce bayanka na ciwo. Ni kwaɗayin hoto ya kai ni.

Akwai wata tsohuwa, Mma Azara, wadda Sanatu ta dawo mata da jikokinta biyu daga Kumasi. Ba ta karatu, amma ta san zubin sunan Sanatu, don yana kan kowace takarda da ke cikin gwangwanin ajiyarta. Ta karɓi rahoton, ta bi bangon da yatsa, ta sake bi.

"Ɗana, ina sunan 'yarmu?"

"Yana ciki, Mma. Can baya."

"To waɗannan huɗun su wane ne? Rasuwa suka yi aka sa su don tunawa? Ni dai ban taɓa ganinsu ba."

Mata suka kwashe da dariya. Sanatu tana jera benci, ko ɗagowa ba ta yi ba. Kunya ta kama ni har tafin ƙafa.

Gargaɗi

Ƙarin girma ya fito bana, nawa ne. Sanatu tana nan inda take, kullum da safe ta rusuna ta gaishe ni, "Yallaɓai, an tashi lafiya?" Wanda ya bi shawarata ya kasa amsa irin wannan gaisuwa, ba ruwana, kada ya neme ni. In ma ya zo ba zai gan ni ba, ta ƙofar baya nake shiga ofis yanzu.